Bayan An Cire Maƙoƙo: Yadda Ake Gano Yaɗuwar Kansar Tayirod Da Wuri

Ranar da aka sallami wanda aka yi wa tiyatar kansar tayirod daga asibiti, 'yan'uwa kan ɗauka an gama. Ƙullutun da ke wuya ya tafi, ɗinki ya kama, murya ta dawo, sai barka da arziki. A wajen likitan da ya san aikinsa kuwa, ranar ce aka buɗe sabon fayil. Wuƙa tana cire abin da ido ya gani da abin da hannu ya taɓa ne kawai. Ba ta da labarin 'yan ƙwayoyin da wataƙila sun riga sun sulale cikin kaluluwar wuya, ko sun bi jini sun sauka a huhu ko a ƙashi. A cikin shekarar farko bayan tiyata ake gano ko akwai irin wannan saura, kuma abin da aka gano a shekarar shi ke tsara yadda majinyaci zai rayu a shekaru ashirin ko talatin masu zuwa.

Tayirod wata 'yar tsoka ce da ke kwance a gaban maƙogwaro, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, ɓangare ɗaya a dama ɗaya a hagu, nauyinta a jikin baligi kimanin giram 20. Aikinta ta zuƙo sinadarin aidin daga jini ta sarrafa shi ya zama tayirosin, wanda ke daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki da yadda jiki ke ƙona abinci. Idan ta kumbura, ita ce maƙoƙon da kowa ya sani. Mafi yawan maƙoƙo ba kansa ba ne, wannan ya kamata kowa ya riƙe don kada hankali ya tashi a banza. Amma a cikin masu maƙoƙon akwai 'yan kaɗan da kansa ke ɓoye a cikin ƙullutun nasu. Hukumar binciken kansa ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an samu sababbin masu wannan cuta sama da 800,000 a duniya, waɗanda ta kashe kuma ba su kai 50,000 ba. Mata sun ninka maza kusan sau uku. Tazarar da ke tsakanin alkaluman biyu tana nuna cewa kansa ce da akasari ake tsira daga gare ta, da sharaɗin ba a saki majinyaci ya ɓace bayan tiyata ba.

Inda za a nemi cutar ya danganta da irinta. Wadda ake kira fafilari ita ce ta fi yawa a duniya, wajen takwas cikin goma. Tana girma a hankali, hanyarta kuma ta kaluluwa ce, shi ya sa idan ta dawo galibi a wuya ake samun ta. Folikula ba ta cika tsayawa a kaluluwa ba, jijiyar jini take shiga, ta ɓulla a huhu ko ƙashin baya ko ƙwaryar kai. Akwai medulari, wadda ke tasowa daga wasu ƙwayoyi na daban, da kuma anafilastik mai tsananin sauri, wadda ba ta barin lokacin irin bibiyar da ake magana a nan.

A kan folikula ya kamata mu tsaya, domin tamu ce fiye da yadda take ta Turai da Amurka. An daɗe da sanin cewa inda aidin ya yi ƙaranci a abinci, maƙoƙo yana yawaita, kason folikula kuma yana ƙaruwa. Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993, amma rahotannin asibitocin koyarwa na ƙasar sun jima suna nuna folikula da yawa fiye da abin da ake gani a ƙasashen Yamma. Wahalarta ita ce allurar da ake tsira wa ƙullutu a zuƙo ƙwayoyi kafin tiyata ba ta iya bambance ta da ƙari marar illa. Sai an cire naman, an yanka shi sala-sala, likitan nazarin nama ya duba ko ƙarin ya huda jakar da ke kewaye da shi ko ya kutsa jijiyar jini. Saboda haka matakin farko na gano yaɗuwa shi ne takardar sakamakon nama. Likitocin tiyata a yankinmu sun san matar da kan zo da kumburi mai laushi a ƙwaryar kai, ko ƙafafu sun mutu don ƙashin baya ya rufta, a duba wuyanta a ga tsohon tabon tiyatar maƙoƙo. A tambayi sakamakon naman da aka cire, a ce ba a kai ba, ko an kai ba a koma karɓa ba. A ganina, cire maƙoƙo ba tare da aika naman ɗakin gwaji ba rabin aiki ne, kuma bai kamata wani asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya yarda da shi ba ko da majinyaci ya koka da tsadar gwajin.

Takardar nan ita ke faɗin girman ƙarin, da ko ya tsallaka zuwa tsokar wuya ko bututun numfashi, da yawan kaluluwar da aka samu da cuta a ciki. Da waɗannan bayanai ƙa'idojin Ƙungiyar Likitocin Tayirod ta Amurka na 2015 suka kasa majinyata gida uku: masu ƙaramin haɗarin dawowar cuta, masu matsakaici, da masu babba. Na farko ba sa buƙatar yawan gwaji. Na ƙarshe kuwa ba a ɗauke ido daga kansu.

Me ya sa ake tsananta bibiya haka? A 1994 Ernest Mazzaferri da Sissy Jhiang na Jami'ar Jihar Ohayo suka wallafa sakamakon bin majinyata 1,355 na tsawon shekaru. Sun ga cewa cikin shekaru 30 cutar ta dawo wa kimanin kashi 30 cikin 100, mafi yawa a shekaru goman farko. Wannan adadi ya tsorata likitoci, ya sa aka riƙa bin kowa har ƙarshen rayuwa. Daga baya, da kayan gwaji suka ƙara kaifi, sai hoton ya sauya. Wani bincike da aka yi a Italiya kan masu fafilari sama da 1,000, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa cikin waɗanda aka bincika da kyau a shekarar farko ba a ga komai ba, waɗanda cutar ta dawo wa ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Ma'anar wannan babba ce. Da yawa daga abin da a da ake kira dawowar cuta bayan shekara biyar ko goma, saura ce da ke nan tun ranar tiyata, ba a dai da idon ganinta ne. Yanzu akwai idon, kuma babu dalilin jiran shekaru.

Ido na farko gwajin jini ne na wani furotin mai suna tayirogulobulin. A duk jikin ɗan Adam ƙwayoyin tayirod ne kaɗai ke yin sa, masu lafiya da waɗanda suka rikiɗe suka zama fafilari ko folikula. Idan an cire tayirod ɗin baki ɗaya, ya kamata furotin ɗin ya ɓace daga jini. In an kashe murhu amma hayaƙi bai daina tashi ba, to akwai garwashin da ya rage a toka. Andre Van Herle da abokan aikinsa a Los Anjelis ne suka samar da ingantacciyar hanyar auna shi a jini a farkon shekarun 1970, suka kuma nuna amfaninsa wajen bibiyar masu kansa. Ba a auna shi washegarin tiyata, domin taɓa tsokar da wuƙa ta yi yana sa ya kwarara cikin jini. Yana ɗaukar mako uku zuwa huɗu kafin ya sauka ƙasa, don haka akan yi gwajin farko wajen mako na huɗu zuwa na shida. Wanda aka cire masa duka, aka bi da maganin aidin mai tiriri da za a yi bayaninsa a gaba, in gwajinsa bai kai nanogiram 0.2 a kowace mililita ba, hoton wuyansa kuma ya fita fes, ana lissafa shi cikin waɗanda magani ya yi wa aiki sosai. Haɗarin dawowar cuta gare shi kashi 1 zuwa 4 ne cikin 100.

Sai dai gwajin yana da tarkuna, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Babban cikinsu shi ne wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar na masu wannan kansa jininsu yana ɗauke da sojojin garkuwar jiki masu kama tayirogulobulin. Idan suka kama shi, na'urar da yawancin ɗakunan gwaji ke amfani da ita sai ta kasa ganinsa, ta fitar da sakamako ƙasa-ƙasa ko ma sifiri, alhali cuta na nan. Majinyaci ya tafi gida da murna a kan sakamakon ƙarya. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a auna furotin ɗin tare da waɗannan sojoji a jini ɗaya, kowane lokaci. Ga wanda yake da su, su ɗin ake bi: in suna raguwa wata bayan wata, alama ce mai kyau, in suna hawa, a nemi dalili. Tarko na biyu shi ne bambancin ɗakunan gwaji. Jini ɗaya zai iya ba da adadi biyu mabambanta a na'urori biyu, don haka wanda ya auna yau a Kano, bayan wata shida a Kaduna, sannan a Abuja, ya tara lambobin da ba sa kwatantuwa. Gara a zaɓi wuri ɗaya a lizimce shi. Na uku, ƙwayar biyotin da mata da yawa ke sha don gashi da farce tana rikita wasu na'urorin, ana so a dakatar da ita kwana biyu zuwa uku kafin ɗibar jini. Wanda kuma rabin tayirod aka cire masa, ragowar rabin yana ci gaba da fitar da furotin ɗin, saboda haka gwajin ba ya yi masa amfani sosai, hoto ne madogararsa.

Kuma lamba ɗaya ba ta yanke hukunci. Abin da likita ke kallo shi ne inda lambobin suka dosa. Akira Miyauchi na Asibitin Kuma da ke Kobe a Jafan ya nuna a 2011 cewa saurin da tayirogulobulin ke ninka kansa yana hasashen makomar majinyaci: wanda nasa ke ninkawa cikin ƙasa da shekara guda yana cikin haɗari fiye da wanda nasa ya tsaya cik ko yake sauka. Wannan ba zai yiwu a sani ba sai an adana kowace takardar gwaji da kwanan watanta.

Ido na biyu sikanin wuya ne, irin na'urar da ake duba mai juna biyu da ita, sai dai kan da ake ɗorawa a wuya na musamman ne, mai iya nuna abin da ke kusa da fata dalla-dalla. Ana yin sa tsakanin wata shida zuwa goma sha biyu bayan tiyata, daga nan sai gwargwadon haɗarin mutum. Ba ya da tiriri mai cutarwa, ba ya da tsada sosai, yana kuma iya gano kaluluwa mai cuta da ba ta wuce milimita kaɗan ba, tun kafin yatsa ya ji ta. Kaluluwa mai lafiya doguwa ce, da ɗan farin layi a tsakiyarta. Wadda ake zargi takan yi zagaye, layin ya ɓace, a ga ɗigo-ɗigon fari ko aljihun ruwa a ciki, jini kuma yana bin gefenta maimakon tsakiya. Idan ta kai milimita 8 zuwa 10, akan tsira allura a zuƙo ƙwayoyi, sannan a wanke allurar da ɗan ruwa a auna tayirogulobulin a ruwan wankin. Kaluluwa ba ta da abin da ya haɗa ta da wannan furotin, in an same shi da yawa a cikinta an kama cutar. Amfanin sikanin nan duk yana hannun mai riƙe da na'urar. Dubawar minti uku da wanda bai saba da wuya ba zai yi tana iya wuce abin da gwani zai gani, don haka majinyaci yana da haƙƙin ya tambaya wa zai duba shi.

Ido na uku ya fi sauran tarihi. A 1941 Saul Hertz a babban asibitin Masacuset da ke Boston ya fara ba majinyata aidin mai tiririn nukiliya don rage aikin tayirod da ya yi yawa. A 1946 Samuel Seidlin na asibitin Montefiore a Niyok ya ba da rahoton wani majinyaci da kansar tayirod ta bazu a jikinsa, aka ba shi aidin ɗin, ƙarin da ke ƙasusuwansa suka zuƙe shi suka lafa. Dabarar ita ce ƙwayar kansar fafilari da folikula, ko ina ta je a jiki, sau da yawa ba ta manta ɗabi'arta ta zuƙar aidin ba. Idan aka haɗiyi wannan aidin mai tiriri, wato aidin-131, zai bi jini ya taru inda take, ya ƙone ta daga ciki. Kimanin mako guda bayan haka sai a ɗauki hoton jiki gaba ɗaya da kyamarar da ke ganin tiririn, duk inda ya taru ya haska. Ta wannan hoto ake gano yaɗuwar huhu mai ƙanana-ƙananan ɗigo waɗanda hoton ƙirji na yau da kullum ba ya nunawa, kuma irin wannan, musamman a jikin matasa, ita ce ta fi jin magani. Da zarar ɗigon sun zama manyan ƙulli, ko cutar ta ci ƙashi, warkewa takan yi wuya. Ribar ganowa da wuri ke nan a zahiri.

Shirin shan aidin ɗin yana da nauyi. Ana so sinadarin TSH, wanda ƙwaƙwalwa ke aikowa don zaburar da tayirod, ya haura 30, domin ƙwayoyin su ji yunwar aidin. Hanyar da aka saba ita ce a dakatar da ƙwayar tayirosin mako uku zuwa huɗu, majinyaci ya sha fama da kasala da jin sanyi da kumburin fuska. Tun 1998 akwai allurar Thyrogen da ke ɗaga TSH ba tare da dakatar da magani ba, sai dai tana da tsada. Mako ɗaya ko biyu kafin ranar ana ƙaurace wa gishiri mai aidin da kifin teku da madara. Mace mai ciki ba a ba ta sam. Mai shayarwa sai ta yaye aƙalla mako shida kafin a ba ta, kuma ba ta komawa shayar da wannan jaririn. Bayan sha ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata shida zuwa shekara. Tunda yawancin majinyatan mata ne masu shekarun haihuwa, wajibi ne likita ya zauna da matar da mijinta ya yi musu wannan bayani tun kafin a sa rana. Sannan ga nisa: a Nijeriya wuraren da aka fi sani da likitancin nukiliya su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja, a Nijar kuma cibiyar Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. Aidin ɗin daga waje ake shigo da shi, ƙarfinsa kuma yana raguwa da rabi duk kwana takwas, don haka ba ya ajiyuwa. Abin da ke rage wannan nauyi shi ne ba kowa ke buƙatarsa ba. Wani babban gwaji da aka yi a Faransa, aka wallafa a 2022, ya nuna cewa masu ƙaramin haɗari da ba a ba su aidin ba sun yi daidai da waɗanda aka ba.

Wani lokaci tayirogulobulin yana hawa amma hoton aidin bai nuna komai ba. Wannan yana nufin ƙwayoyin sun daina zuƙar aidin, kuma irin waɗannan sukan fi cin sukari, sai a koma ga hoton PET da ke bin sawun sukari, ko hoton CT na wuya da ƙirji. A lura cewa ruwan da ake ɗurawa a jijiya don CT cike yake da aidin, yana jinkirta maganin aidin-131 da wata ɗaya zuwa biyu. Medulari kuwa ba ta zuƙar aidin tun asali, ba ta kuma yin tayirogulobulin. Ita da gwajin wasu sinadarai na jini, kalsitonin da CEA, ake bin ta, a fara aunawa wajen wata uku bayan tiyata, in kalsitonin ya haura 150 a shiga neman ta a hanta da ƙashi da huhu. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu medulari gadonta suka yi, saboda haka ganinta a jikin mutum ɗaya dalili ne na bincikar 'ya'yansa da 'yan'uwansa.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen, wanda ya kamata a faɗa. Koriya ta Kudu ta shiga duba wuyan mutane masu lafiya da sikanin, zuwa 2011 yawan waɗanda aka ce suna da kansar tayirod ya ninka na 1993 sau 15, amma yawan masu mutuwa bai canja ba. Dubban mutane aka yanka a kan ƙarin da ba zai taɓa cutar da su ba. Haka ma bayan tiyata, ba duk 'yar kaluluwar da aka hanga ce ke buƙatar a sake buɗe wuya ba. Tiyata ta biyu a wurin da ya yi tabo ta fi ta farko haɗarin taɓa jijiyar murya da 'yan ƙwayoyin da ke kula da kalsiyam ɗin jini. Ƙananan kaluluwa da yawa sukan zauna shekaru ba su motsa ba, a riƙa duba su kawai. A kan wannan tunani ne Michael Tuttle da abokansa a cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Niyok suka kawo tsarin da ake bi yanzu tun 2010: a sake auna haɗarin mutum a kowace ziyara bisa abin da jini da hoto suka nuna. Wanda ya fita fes a rage masa gwaje-gwaje da fargaba, wanda lambobinsa ke hawa a matsa bincike.

A tsakiyar duk wannan akwai 'yar ƙwayar tayirosin da ake sha kullum. Tana maye gurbin tsokar da aka cire, tana kuma danne TSH don kada ya zaburar da sauran ƙwayoyin kansa. A ƙa'idojin 2015, ga mai babban haɗari ana so TSH ya kasance ƙasa da 0.1, ga mai ƙarami tsakanin 0.5 da 2 ya wadatar, domin dannewa fiye da kima shekara da shekaru tana jawo rikicewar bugun zuciya da raunin ƙashi. Ana shan ta da ruwa cikin wofin ciki, rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin karin kumallo, a nesanta ta da maganin ƙarin jini da na kalsiyam da sa'a huɗu. A watan azumi ana iya shan ta kafin sahur da wannan tazara, ko da dare bayan abinci ya sauka da sa'a uku. Wanda ke sha yau ya bari gobe yana rikita sakamakon gwajinsa da kansa, domin tayirogulobulin yana hawa da sauka tare da TSH.

Jiki ma yana ba da nasa labarin, sai dai a makare. Sabon ƙullutu a wuya, dishewar murya da ta wuce makonni, wahalar haɗiya, tari marar ƙarewa, ciwon ƙashi a wuri ɗaya da ke hana barci, duk dalilai ne na komawa asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba, ba kuma lokacin tsaga ko shafe-shafe ba ne.

Ga duk wanda aka yi wa tiyatar maƙoƙo, ko yake jinyar wanda aka yi wa, kada a bar asibiti sai an san inda aka kai naman da ranar da sakamako zai fito. A karɓi takardar a hannu, a tambayi likita ko duka aka cire ko rabi, a rubuta ranar gwajin jini na farko da ta sikanin wuya, a tara komai a jaka ɗaya. Wanda kuma aka yi wa tiyatar shekarun baya bai taɓa ganin sakamakon namansa ba, ya koma asibitin da aka yi masa ya nema, in bai samu ba ya je a duba wuyansa da jininsa.